Zomanyar Mma Ayishetu

Duk shekarun da na yi ina aikin dabbobi a Yendi, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da wani dillalin shanu daga Bawku ya shigo ofishinmu yana neman zomo. Ba garken zomaye ba, zomo guda ɗaya tak. Ku sababbin ma'aikata da kuke ganin aikinmu bai wuce allurar shanu da maganin kaska ba, ku matso ku ji.

A lokacin ina babban malamin dabbobi. Ga wanda bai san tsarinmu ba, a sama akwai likitan gunduma, mai yin tiyata da sa hannu a takardu. Mu malamai muna ƙarƙashinsa, mu ne masu babur, masu shiga ƙauyuka da garkuna. Likitarmu mace ce, Dokta Memunatu, mai gajeriyar magana.

Wata Talata ce a ƙarshen damina. Mutumin ya cika ƙofa da babbar riga, muryarsa kuwa irin ta masu ciniki a kara.

"Ofisa Iddrisu? An ce kai ka san zomo."

Na ce, "Na ɗan sani, Alhaji. Na kiwo ko na yanka?"

Sai ya zauna, muryar nan ta sauka. Sunansa Alhaji Salifu. Mahaifiyarsa, Mma Ayishetu, tana Salaga, jikar fataken goro ce. Tun tana yarinya take kiwon awaki da tumaki, har in haihuwa ta gagari akuya a unguwarsu ita ake kira. Watanni kaɗan da suka wuce ɓarin jikinta na hagu ya shanye. 'Ya'yanta suka ga ba mai kula da dabbobin, suka sayar da su duka. Tun daga ranar ta yi shiru. Abinci sai an yi da gaske, magana kuwa daga i sai a'a.

"Likita ya ce harshenta lafiya lau," in ji Alhaji. "Zuciyar ce ta yi sanyi. Ƙanwata Sakina, mai jinyarta, ita ta ce a nemo mata wata dabba ƙarama da za ta ɗora a cinya. Mu muka yi kuskuren, Ofisa. Ina so in gyara."

Na shiga na gaya wa Dokta. Ta ɗago kai ta ce, "Ka bi shi. Kai za ka zaɓa, kada ka bari ya zaɓa da idon kasuwa."

Wallahi murna ta kama ni. Kowa ya san ni da son zomaye har ana yi mini tsiya, ga shi yau an zo nema da mota.

Muka tafi wurin Madam Adisa, tsohuwar malamar makaranta da ke kiwon zomaye a bayan gari, cikin kejin katako da waya a ƙarƙashin mangwaro. Muna tafe tsakanin kejin ina yi wa Alhaji bayani. Fararen nan masu jan ido su ake kira Niyuzilan, don nama aka fi ajiye su, suna da haƙuri amma suna da nauyi. Fari mai baƙin kunne da baƙin hanci Kalifoniya ne, shi ma ɗan nama. Masu launin toka Cincila, galibi akwai sanyin hali. Ƙananan nan masu farar ɗamara a kafaɗa Dac, ba nauyi, kuma suna saurin sabo da mutum.

Ban gama ba Alhaji ya tsaya cak a gaban keji na ƙarshe. Wata ƙatuwar zomanya ce a ciki, ruwa-biyun irin da ake kira Filemish, ta kusa girman ɗan akuya.

"Yawwa! Wannan! Mace ce ko? To ai shi ke nan. Ga girma, ga haihuwa."

Na ce, "Alhaji, a hankali. Mma hannu ɗaya gare ta, ba za ta iya ɗaga wannan ba. Kuma a zomaye mace ta fi namiji tsare ɗakinta. In ta balaga takan ɗauki keji mallakarta, ta yi gurnani, ta buga ƙafa, wani lokaci ta kai cizo. Namiji ya fi yarda a taɓa shi. Aibinsa fesa fitsari don ya nuna wurinsa ne, in kuwa an fiɗiye shi yakan bari."

Alhaji ya tuntsire da dariya. "Haba Massa Ofisa, ni da nake kama bijimi da ƙaho? Zomo zai ba ni tsoro?"

Kafin Madam Adisa ta buɗe baki ya zare sakata ya cusa hannu. Zomanyar ta kwantar da kunnuwa, ta buga ƙafa tim, ta yi wani ɗan gurnani, ta zaburo. Alhaji ya yi baya da gudu har hularsa ta faɗi cikin bokitin dusa, ga hannun babbar riga da huda biyu.

"La'ilaha! Wannan zomo ne ko kare?"

Madam Adisa ta ciro hular tana karkaɗewa, ta ce, "Zomo ba bawan giwa ba ne, Alhaji, dawa suka tara."

Muka yi dariya har da hawaye, shi ma ya taya mu. Daga nan ya ce, "Yoo, na ji, Ofisa. Zaɓa."

Na zaɓi wani ɗan Dac namiji, baƙi da fari, wanda Dokta ta riga ta fiɗiye. Na bi ƙa'ida daki-daki, kamar yadda muke koya muku. Na duba cikin kunne ko akwai ɓawon ƙazuwa, na duba hanci ko yana yoyo, na ɗaga leɓe na ga haƙora sun hau daidai, na juya shi na duba ƙarƙashin wutsiya. Sannan gwajin hali: na ajiye shi a tabarma, na zauna ban motsa ba. Bai daɗe ba ya zo yana sunsunar yatsuna. Na tallafe shi a ƙirji, hannu ɗaya a ƙarƙashin ɗuwawu, don ba a ɗaga zomo da kunne. Ya lafe. Na ce na samu.

Za mu tafi sai Madam Adisa ta fito da wata Cincila mai launin toka, kunne ɗaya a tsage.

"Ku haɗa da wannan. Zomo ba ya son kaɗaici. Ta tsufa, sau biyu ina kai ta wurin namiji ba ta ɗauka ba. In ba ku tafi da ita ba tukunya za ta."

Na ce a'a, mace ce, kuma yanzun nan muka ga aikin mace. Alhaji ya dubi zomanyar ya ce, "Tsohuwa ce da aka gama da ita? Sa ta a mota." Yadda ya faɗa ya sa ban ƙara musu ba. Na duba kunnenta da haƙoranta sama-sama, na sa ta a kwando. Cikinta kam ban taɓa ba.

Washegari bayan asuba muka kama hanya ta Bimbila, don zafi na kashe zomo fiye da yunwa. Kwanduna biyu a kujerar baya, na lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu. Ga hanya duk ramukan damina. Kowane rami sai Alhaji ya ce wa direba, "Sannu mana! Ba shanu ka ɗauko ba!" Kafin hantsi ya yi zafi muna Salaga.

Gidan tsoho ne, da rijiya a tsakar gida da turken awaki babu komai a kai. Sakina ta shigar da mu. Mma Ayishetu tana kishingiɗe a kan gado, 'yar siririya, hannun hagu a ajiye kan cinya. Na durƙusa na gaishe ta.

"Mma, ina kwana? Ya jiki?"

Ta ɗaga kai kaɗan. Ko ɗanta ba ta yi wa magana ba.

Na shimfiɗa tabarma, na buɗe kwandon ɗan Dac ina ji da kaina. Ai kuwa yana fitowa ya ji baƙon wuri, sai ya yi wuf ya shige ƙarƙashin gado. Na kira, na miƙa ganyen dankali, na kwanta rub da ciki ina leƙe, babban malamin dabbobi guda. Ya maƙale a lungu ya ƙi fitowa. Alhaji ya dube ni, na dubi ƙasa. Mma ta mayar da fuskarta bango.

Sakina ce ta buɗe ɗaya kwandon ba tare da ta tambayi kowa ba. Tsohuwar zomanyar ta fito a natse, ta miƙe ƙafafu, ta wanke fuska, ta zagaya tabarmar kamar mai duba gidan haya. Sakina ta ɗauke ta ta ɗora a gefen gado. Na matso kusa don in ta kai cizo in tare. Sai zomanyar ta taka a hankali, ta sunsuni hannun nan da ya shanye, ta goga masa haɓa, ta kwanta a jikinsa.

Mma ta juyo. Ta daɗe tana kallonta. Sai hannun dama ya taso, ya shafi bayanta, ya gangara haƙarƙari, ya shiga ƙarƙashin ciki. Na ga yatsun suna aiki, ba shafa irin ta wasa ba, lalube irin na wanda ya san abin da yake nema.

"Wa ya ɗauko mai ciki a mota tun daga Yendi?"

Muryar a shaƙe take, amma kowace kalma ta fita. Sakina ta dafe ƙirji. Alhaji ya zube a bakin gado yana, "Mma! Mma, me kika ce?"

"Na ce ciki gare ta. Ku ba ta ruwa."

Na ce, "Mma, ai ta daina haihuwa. Mai ita ta tabbatar mana."

Ta kalle ni tun daga takalmi har hula. "Kai ne malamin? Kawo hannunka."

Ta kama yatsuna ta kai su wurin. Na lalaba a hankali, sai ga su, 'yan dunƙule-dunƙule masu sulɓi a jere. Cikin kusan mako biyu. Kunya da murna suka haɗu mini, na rasa wadda zan fara ji. Na ce, "Wallahi Mma, gaskiyarki."

Amma aiki aiki ne. Na bayyana musu cewa zomanya mai ciki takan ƙara zafin rai, in haihuwa ta matso ma ba ta son hannu kusa da ita. Na ce gara in mayar da ita, in bar namijin, zai saba cikin kwana biyu.

Mma ta ɗora hannu a kan zomanyar. "Mai ciki ai dole ta yi faɗa. Ni tara na haifa, ka tambayi wannan in ban yi ba. Ba inda za ta." Ta juya ga ɗanta. "Salifu, ka sayar mini da awaki ban ce komai ba. Tashi ka nemo kafinta."

Mutumin da ke juya dillalai a kasuwar Bawku ya fita da sauri yana share ido da hannun riga.

Ranar ban huta ba. Mma ta sa aka fito da ita tsakar gida a kujera, karo na farko cikin watanni. Ina gaya wa kafinta awon keji da na akwatin haihuwa, tana gyara mini: a ɗaga shi daga ƙasa saboda ɓeraye, a juya ƙofarsa daga rana, a raba wa namijin nasa ɗakin. Ta aiki Sakina neman harawar gyaɗa. Da azahar ta ce tana jin yunwa, ta cinye tuwonta tas. Ɗan Dac kuwa sai da aka daina kula shi ya fito da kansa, ya zo ya zauna a ƙafarta.

Da na koma na ba Dokta rahoto, ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ka taɓa cikinta kafin ku tashi?"

"A'a, Dokta."

"Saboda me?"

"An ce mini ta daina."

"An ce maka."

Bayan mako biyu da 'yan kwanaki ina tsakiyar yi wa tumaki allura wayata ta yi ƙara. Alhaji ne daga Bawku, yana ihu har makiyayin da ke riƙe da tunkiya yana ji.

"Ofisa! Shida! Shida ta haifa! Kowa ya kai hannu sai ta zaburo masa, Sakina ma ta sha yaƙushi. Mma kaɗai take bari! Yau da sanda Mma ta taka har keji!"

Na yi kabbara da sirinji a hannu, tunkiya ta ƙwace ta gudu.

Abin da na gaya wa Alhaji a gidan Madam Adisa ba ƙarya ba ne, har yau shi nake gaya wa mai neman zomon ajiyewa a gida: ƙaramin iri ya fi sauƙin riƙo, namijin da aka fiɗiye ya fi sauƙin hali, mace ta fi tsare wurinta. Amma wannan mafari ne kawai. Iri da jinsi suna gaya maka inda za ka fara dubawa, sauran sai ka sa hannu a kan dabbar da ke gabanka, ka kuma san wanda za ta zauna da shi. Ni na tafi nema wa majinyaciya abin da zai kwanta shiru a cinyarta, ashe ita abin da zai buƙace ta take so. Shi ya sa har na bar aiki, duk gidan da na shiga, kafin in buɗe jakata sai na fara durƙusawa gaban tsohuwar gidan na ce, "Mma, ke me kika gani?"