Sunan Retno a Saƙon Safe

Mun binne Retno ranar Talata, ranar Laraba da safe saƙonta ya shigo mini.

Ina zaune ne a teburina, a kamfanin raba kaji da kifi masu ƙanƙara da muke aiki a birnin Surabaya, ina jiran takardar da ke nuna wa direbobi shagunan da za su kai kaya. Ni nake buga ta in miƙa musu. Iyakar aikina ke nan, don karatuna bai wuce sakandare ba. Takardar ta iso ta imel kamar kullum, a samanta an rubuta daga Retno Palupi, ga ɗan hotonta sanye da ɗankwali ruwan toka da na ara mata ba ta dawo mini da shi ba.

Layi ɗaya muka tashi. Mahaifiyarta, Bu Karsih, tana soya wainar waken suya a bakin titi, mu kuma muna satar masu zafi. Retno ce mai kai a cikinmu. Ta yi karatun kwamfuta, ta samu aiki, ta jawo ni. Mace ce mai cin barkono har ta yi hawaye, ta share, ta ƙara. Ba ta taɓa sa na ji ni jahila ce ba. Da na tambaye ta aikinta, da famfo ta yi mini misali. Ta ce sito yana da tankin bayanansa, shaguna da nasu, motoci da nasu. Ita tana janyo su ta bututu ta haɗa su takarda ɗaya, kuma kowane bututu da makullinsa. Idan aka ɗauke aikin daga wata babbar na'ura zuwa wata, bututan ba sa bin sa, sai an sake ɗaura su ɗaya bayan ɗaya.

Bara kamfani ya sayi sabuwar na'ura, aka ce Retno ta kwashe komai ta mayar can. Ta je wajen shugaban sashenmu, Pak Handoko, mutumin da turarensa ke riga shi shiga ɗaki, ta roƙi a ba ta makullin kamfani, wanda ba na wani mutum ba. Ya ce wannan sai an sa hannu daga babban ofishin kamfani da ke Jakarta, ta yi amfani da nata tukuna. Haka ta ɗaura kowane bututu da sunanta da kalmar sirrinta. Ta yi ta tuna masa, shi kuma yana murmushi yana duba agogo.

Zazzaɓin dengi, wanda sauro ke kawowa, shi ne ya ɗauke ta, cikin mako guda. Pak Handoko ya zo gaisuwa da katafaren allon furanni na ta'aziyya, sunan kamfani ya fi nata girma a jiki, ya tsaya a gabansa aka ɗauke shi hoto.

Da masu kula da ma'aikata suka zo rufe asusunta na kwamfuta, 'yan ofishin kwamfuta suka ce idan aka rufe komai zai tsaya. Pak Handoko ya ce a bar shi. Shi ke nan. Kowace safiya Retno tana aiko da takarda. Cak Sodik, tsohon direbanmu, ya karɓi tasa wata rana ya ce, "A kamfanin nan ko mutuwa za ka yi sai ka nemi izini."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Abu ɗaya nake so, a saki sunanta kafin sadakar arba'in, ta huta kamar kowa. Na je na sami Pak Handoko na faɗa masa. Bai ɗago daga wayarsa ba.

"Suna ne kawai, Mbak Yuli. Ki daina kallon wurin."

Ban san yadda ake ɗaura bututu ba, amma na san hanyar gidan Bu Karsih. Na gaya mata komai. Ta ci gaba da juya abin da ke cikin kasko.

Washegari da hantsi ta shigo ofis da kwanon shinkafa ɗaure a tsumma, ta zauna a kujerar baƙi, daidai ƙofar Pak Handoko. Duk wanda ya tambaye ta, sai ta ce abincin rana ta kawo wa 'yarta, an ce mata tana nan tana aiki. Duk ofis aka zuba mata ido. Dole Pak Handoko ya fito, yana murza hannu, yana bayanin cewa na'ura ce kawai, ba ta san wanda ya mutu ba.

"To, Pak," in ji ta a hankali, "tunda na'ura ce, a sa mata sunanka mana."

Ya kau da kai. Kowa ya san dalili: ranar da takarda ta fito da kuskure, mai sunan ake kira. Matacciya kuwa ba ta musu.

Kafin la'asar an sa hannun nan daga Jakarta. Waya ɗaya Pak Handoko ya buga. Abin da Retno ta shekara tana roƙo ke nan. Sake ɗaura bututan ya ba 'yan ofishin kwamfuta wuya, har kajin wani shago suka tafi wani gari, shi kuwa Pak Handoko ya yi ta yawo yana cewa shi ya gano matsalar tun farko. Ban ko kalle shi ba.

Da safen ranar sadakar takarda ta shigo daga Sashen Rahoto. Ba hoto, ba ɗankwali. Abin da na nema ke nan, amma na kasa danna bugawa. Sai a lokacin na gane kullum ina ce mata ina kwana a zuciyata kafin in buɗe.

Cak Sodik ya leƙo kan allon, ya cire hularsa.

"An sallame ta?"

Na ce an sallame ta. Ya tsaya a gefe, bai hanzarta ni ba, sauran direbobi suna jira a bayansa.