Irin Malmon da Na Shanya

Kakarmu Inna Dije ba ta fara tatsuniya sai ta duba harsunanmu. Mukan kewaye murhu bayan isha'i, ruwa na ɗiga daga indararo, wanda duk harshensa ya rine ta san ya hau malmonta. Ni kam kullum sai an kama ni.

"Maigidan nan nawa ɓarawo ne," in ji ta. "Matso ka ji labarin abin da ka sata."

Wai ranar da aka raba wa 'ya'yan itace kwanaki, an ce mai son daɗewa ya ba da ruwan jikinsa. Magarya ta bayar, goruba ta bayar, aka ba su shekara. Malmo ya ce shi da ruwansa zai mutu. Aka ce to, kwana uku. A nan barci ke sace ni, muryarta na nisa cikin hayaƙi.

A 2013, ina karatu a Alƙahira, na ga malmo a amalanken wani dattijo a unguwar Abbasiya. Bambuziya suke ce masa, wani iri ne manya-manya mai ƙaramin ƙwallo. Lokacin iska ta riga ta kayar da bishiyar Inna. Nan take na buga mata waya.

"Kawo min iri," ta ce, "in ga tsironsa da idona."

Na yi abin da ɗan manomi ya sani. Na wanke ƙwallayen, na shanya su suka bushe ƙayau, na ƙulle a leda. A makon wani abokina zai je gida, na ƙi ba shi ƙullin, wai sai na miƙa mata da hannuna. Sai bayan wata goma na je. Ta shuka, tana ban-ruwa safe da yamma, shiru.

Da na koma Alƙahira na tambayi dattijon. "Ma'alish, yi haƙuri, ɗana," ya ce, "ɗanye ake shuka shi. In ya bushe ya mutu."

Kafin malmo ya sake nuna Inna ta rasu. Yayata Hajara ce ta ƙarasa min tatsuniyar a waya: malmo ya roƙa kada a shanya 'ya'yansa, aka amsa masa.

Wallahi har yau abin na ci min rai. Na tambayi Hajara, to me Inna ke wa ban-ruwa?

"Tun da ta kwance ledar ta sani," in ji Hajara. "Cewa ta yi maigidanta na kallo."