Baƙin da Honorabul Yake Nufi

Har gobe ban manta da wata ranar Laraba ba, ana saura mako uku a yi zaɓe. A lokacin ina mataimakiyar mai tsara shirye-shirye a sashen Hausa na wani gidan rediyo mai zaman kansa da ke unguwar Television a Kaduna, shekarata ta huɗu ke nan a aiki. Ku da kuka shigo aikin kwanan nan kun sha ce mini in ba ku labarin nan, to ga shi yadda ya faru.

Bari in fara da tsarin aikin, saboda wanda bai sani ba. Mai tsara shiri shi ke fita ya ɗauko hira, ya dawo ya tace ta, wato ya yanke tari da kame-kame da maimaici har ta yi daidai da mintunan da aka ba shi. Daga nan shugaban sashen labarai ya saurara, in ya amince sai a watsa. Dokar tacewa ita ce ka rage tsawon magana, kada ka taɓa ma'anarta. Lokacin zaɓe kuma akwai ta biyu: yawan mintunan da ka ba ɗan jam'iyya mai mulki, su za ka ba ɗan adawa.

Makon da ya gabata mun sa ɗan takarar jam'iyya mai mulki, minti ashirin. Wannan makon na ɗan adawa ne, Honorabul Bitrus, mai neman kujerar majalisar tarayya. Mutanensa sun daɗe suna cewa gidanmu bakin gwamnati ne, don haka shugaban sashenmu, Malam Sabo, ya kira ni da sassafe.

“Rifkatu, tambaya huɗu ce, irin waɗanda muka yi wa ɗayan: tsaro, shige da fice, sufuri, wasanni. Ƙarfe huɗu za mu sa. Kada ki yanke masa abin da zai ce mun danne shi.”

Na ce, “To, Oga.”

Ƙarfe tara na isa gidansa a Unguwar Boro. Dattijo ne mai fara'a, tsohon malamin makaranta, yana magana yana buga hannun kujera. Na kunna rikoda muka fara.

A kan tsaro ya ce shingayen bincike da ke hanyar Abuja ba su hana komai, a ɗauki matasan ƙauyuka a horar da su, su ne suka san daji. Na ce ke nan yana goyon bayan 'yan sandan jiha? Ya ce ko kusa, gwamna zai mayar da su karnukan farautar 'yan adawa. Na ce to wa zai riƙa ba matasan nan umarni? Ya ce, “Jama'a.” Na jira ya ƙara, bai ƙara ba.

A kan shige da fice ya gyara zama. Ya ce, “Baƙi sun yi mana yawa, 'yata. Duk wanda ba ɗan nan ba ne, a rubuta sunansa. Wanda ba a san abin da ya kawo shi ba, ya koma inda ya fito.” Na gyaɗa kai na wuce, don ni abin da na ji shi ne masu tsallako iyakar ƙasa ba takarda.

A kan sufuri ya ce a daina korar 'yan acaɓa, bayin Allah ne masu neman abinci, ko daga ina suka zo 'yan'uwanmu ne. A kan wasanni ya ce ƙwallonmu ta mutu saboda son kai, a buɗe ƙofa a kawo 'yan wasa daga Nijar da Kamaru su zo su koya wa yaranmu. Ina naɗe waya ina ta lissafi a raina: a kori baƙi, a ƙyale baƙi, a gayyato baƙi, duk a cikin minti ashirin da biyar. Amma na ce ai ɗan siyasa ne, ba ni aka ɗora wa haɗa masa maganarsa ba.

Sha ɗaya da rabi na gama tacewa na kai wa Malam Sabo a situdiyo. Yakubu, injiniyan sautinmu, ya kunna mana. Da aka zo wurin “duk wanda ba ɗan nan ba ne”, Malam Sabo ya ɗaga hannu.

“Mayar da shi baya.”

Yakubu ya mayar. Muka sake ji. Malam Sabo ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur.

“Rifkatu, da wa yake?”

“Da masu shigowa ta iyaka mana, Oga. Tambayar shige da fice ce.”

“Ya ce iyaka?”

Na sake bin maganar Honorabul a raina. Bai ce ba.

“A Tudun Wada aka haife ni,” in ji Malam Sabo, “a nan aka binne mahaifina. Amma na sha tsallako gada in zo aiki a ce mini baƙo. In mai shayi a Makera ya ji wannan da yamma, me kike zato zai ɗauka?”

Kafin in amsa Yakubu ya sa baki. “Oga, ni kuwa na zaci da irinmu yake. Babana daga ƙauye ya zo aikin masaƙa. Akwai masu cewa ƙasar kakanninsu ce muka zo muka cika.”

Nan kaina ya ɗaure. Mu uku a ɗaki guda, sauti guda muka ji, kowa da baƙon da ya gani. Ku da kuka girma a garin nan kun san ba sai an yi muku bayanin abin da irin wannan kalma ke iya jawowa tsakanin wannan gefen kogi da wancan ba.

Na ce a yanke wurin kawai. Malam Sabo ya ce in muka yanke, mun cire amsarsa gaba ɗaya a kan shige da fice, gobe ya tara 'yan jarida ya ce mun danne shi, kuma ya yi gaskiya. Na ce to a sa yadda yake, ai bakinsa ne ba namu ba. Ya ce bakinsa ne, amma eriyarmu ce, kuma lasisinmu ne hukuma za ta karɓe in wani abu ya tashi.

“Ke kika yi hirar, ke za ki koma. Ki tambaye shi wa yake nufi, ki ɗauko a rikoda. In uku da rabi ta yi ba ki dawo ba, zan sa waƙoƙi, ke kuma ki shirya yi wa manaja bayani.”

Na kira wayar Honorabul, a kashe. Na kira direbansa, ya ce sun tafi ƙauyen Kakau gaisuwar rasuwa. Na tari keke-napep zuwa bakin titi, na shiga motar haya. Duk tsawon hanya rikoda na kunnena, ina maimaita jimlar nan. Wani jin in ce wallahi iyaka yake nufi. Wani jin in ji muryarsa ta yi nauyi a kan “nan”.

Na same shi a ƙarƙashin rumfa a ƙofar gidan makoki, ana ta shiga da fita. Na durƙusa na yi wa mutanen gidan gaisuwa, sannan na matsa kusa da shi.

“A'a, 'yata, lafiya kika biyo ni har nan?”

“Baba, akwai wurin da ban gane ba. In ba damuwa, minti biyu.”

Muka koma gindin wani mangwaro. Na kunna masa. Ya saurara da kai a sunkuye, ya ce in sake. Na sake.

“To mene ne a ciki? Baƙi na ce.”

“Waɗanne baƙi, Baba? ‘Nan’ ɗin Najeriya ce, ko Kaduna, ko wannan gefen kogi?”

Ya dube ni ya daɗe. Har yau ban iya fassara kallon nan ba. Ko na wanda aka kama ne, ko na wanda bai taɓa tunanin abin ba sai yanzu.

“Kunna,” in ji shi.

Na kunna, na maimaita tambayar don ta shiga rikoda. Ya ce, “Masu shigo mana da makamai ta iyakokin ƙasa nake nufi. Wanda yake zaune a Kaduna yana neman halalinsa, ko a Tudun Wada ko a unguwar Sabo, ɗan gida ne, ba wanda ya isa ya ce masa tashi.” Magana tsaf, ba kwana-kwana. Na ji wani sanyi a raina, na kashe rikoda ina godiya.

Sai ya riƙo hannun jakata. “Amma ta farkon ma ki bar ta.”

“Baba, ai wannan ta gyara waccan.”

“Ki sa duka biyu. Ni na faɗi waccan, ni na faɗi wannan.”

“To wacce ce matsayinka?”

Ya yi murmushi. “'Yata, kin taɓa tsayawa takara?” Aka kira shi daga rumfa, ya tafi.

Uku da kwata na shiga ofis, ƙafafuna duk jar ƙasa. Na ba Malam Sabo labarin komai, har da maganar da ba ta shiga rikoda ba. Ya yi tagumi. Ya ce shi ma bai san ko mutumin ya yi tuntuɓen harshe ne yana jin nauyin janyewa, ko kuwa da gangan ya bar ƙofa biyu a buɗe ba. A ƙarshe ya yanke cewa za a sa ta farko, a bi ta nan take da tambayata da muryata, sannan amsarsa ta Kakau, ba talla ko kiɗa a tsakani. Yakubu ya haɗa su saura minti shida huɗu ta yi.

Ƙarfe huɗu aka watsa. Bayan hira muka buɗe layin waya kamar kullum, ni ce a kan makirufo. Mai kira na farko daga Makera yake, ya ce Allah ya saka wa Honorabul da alheri, yau ya ji ɗan siyasar da ya ce su 'yan gida ne. Ta biyu wata mata ce daga Unguwar Boro, ta ce ta gode wa Allah an samu namijin da ya fito ya ce baƙi su tattara su tafi, kuma kowa ya san su wa ake nufi. Na ce mata ai ya fayyace cewa masu shigo da makamai yake nufi. Ta ce, “Wannan ai don rediyo ya faɗa.” Na uku ɗan acaɓa ne, shi bai ma ji wurin baƙi ba, tambayarsa kawai yaushe za a daina kama musu babura. Na huɗu ya ce duk surutu ne, a gyara filin ƙwallon unguwarsu tukuna.

Ba abin da ya tashi a gari, mun gode wa Allah. Hukuma ba ta rubuto mana ba, mutanen Honorabul ba su yi ƙorafi ba. Na sake haɗuwa da shi sau biyu bayan zaɓe, ya gaishe ni da fara'a, bai tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. In kuka tambaye ni yau mene ne ainihin ra'ayinsa a kan baƙi, wallahi ban sani ba.

Abin da na sani shi ne laifina. Ina zaune gabansa ya faɗi jimlar nan, na gyaɗa kai na wuce zuwa sufuri, saboda ni maganar ba ta taɓa ni ba, sai na ɗauka na gane. Ba aikinmu ba ne mu tona zuciyar ɗan siyasa, wani lokaci shi kansa bai gama yanke abin da ke cikinta ba. Amma in ya jefo kalma mai baki biyu, kada ku auna ta da kunnenku. Ku tuna wanda zai ji ta a rediyon shagonsa a can tsallaken kogi, ku yi tambayar da shi zai yi da yana da makirufo, tun mai maganar yana zaune gabanku.