Ragon Alhaji Illa a Makarantar Lahadi

Har gobe ban manta da ranar da na ari rago na kai ajin yara ba. Lahadi ce, ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, shekaru kaɗan bayan ƙasar nan ta sami mulkin kai. Ku sababbin malamai masu kukan yara sun yi muku yawa, ku matso ku ji.

A lokacin mu Kiristoci masu jin Hausa 'yan tsiraru ne a Abidjan. Ikilisiyarmu tana Adjame, amma yawancin iyalanmu suna Treichville, tsallaken gada, don mazan suna aiki a tashar jiragen ruwa. Saboda haka aka buɗe ajin yara a can, aka ɗora mini, ni Saratu. Kowace Lahadi nakan taso daga Adjame in hau mota in ƙetare. Ajin kuwa rumfa ce ta Alhaji Illa, wani dillalin goro mutumin Nijar da ya daɗe a garin. Ya ba mu aronta kyauta, ya ce yara dai yara ne, sharaɗinsa kawai mu bar wurin yadda muka same shi.

Ga yadda tsarin yake. Fasto ne a sama, sai majalisar dattawa, cikinsu akwai mai duba makarantar Lahadi. Sau ɗaya a shekara yakan zo ya zauna a baya, ya koma ya ba majalisa labari, su yanke hukunci. Mai duba na shekarar shi ne Baba Bulus, akawu a wani kamfanin fiton kaya, mutumin da ko rana tana narka kwalta ba ya rabuwa da kwat da taye. Tun kafin ya zo ya riga ya faɗa cewa ajina ya yi ƙanƙanta, gara a rufe, yaran su koma ajin Faransanci a Adjame. Ni kuwa na sani ba uwar da za ta saki ƙaramin yaro ya ƙetare gadar nan. In aka rufe, zaman gida za su yi. Abin ya tsaya mini a rai, don shekara da shekaru addu'ata ɗaya ce: "Ubangiji, ka cika mini rumfar nan."

Darasin ranar shi ne misalin ɓatacciyar tunkiya. Matsalata, yaran nan haihuwar Abidjan ne. Sun san jirgin ruwa, sun san kamiyo, wato babbar motar kaya, amma ba wanda ya taɓa ganin garke. Sai na ce bari in nuna musu da ido, na je wurin Alhaji aron ragon layyarsa.

Wannan rago ba kamar sauran raguna ba ne. Sunansa Kumandan, kuma kullum da safe yakan bi Alhaji zuwa teburin mai kafe, wato mai sayar da kofi, a tashar Bassam, a tsoma masa burodi ya ci. Alhaji ya dube ni ya ce, "Malama, mi rago za ya yi a lakwal?" Wato makaranta.

Na ce, "Ɓata zai yi, Alhaji, mu nemo shi."

Ya ce, "To. Amma ki sani ragon ga ya fi mini rumfar."

Na share wuri, na ɗaure Kumandan a bayan katanga, yara suka taru, Baba Bulus ya zauna a baya ya harɗe ƙafa. Muka yi waƙa, muka yi addu'a, muka maimaita ayar haddacewa, na shiga labari. Na ba shi gishiri yadda ya kamata. Na ce makiyayi na kirki ba ya komawa gida hannu rabbana, sai ya samo abin da ya ɓata. Na sa suka maimaita har sau uku. Sannan na ce, "Yau mu ma ragonmu ya ɓata. Ku tashi mu nemo shi!"

Muka zagaya bayan katanga, sai igiya kawai, an tauna ta an gama. Na ɗora hannu a ka na ce, "Wayyo, da gaske ya ɓata!" Kafin in rufe baki, yara sun fashe ta ƙofar gida kamar an buɗe wa kaji akurki.

To, ku tuna satin Sallah ne. Babu ƙofar gida a Treichville da ba a ɗaure rago ba. Kuma ga yaron da bai taɓa kiwo ba, rago rago ne.

Laraba ce ta fara dawowa, yarinya 'yar firit, tana jan wani balami da ya fi ta tsawo. "Malama, na samo shi!" Ba shi ba ne. Ishaku ya shigo da bunsuru, yana ta murna. Wasu 'yan'uwa biyu suka shigo da rago, ga wani tsoho Bajule, ɗan ƙabilar 'yan kasuwar garin, riƙe da ɗaya bakin igiyar, an jawo su tare. Kafin ka ce kwabo rumfa ta cika da raguna, bayansu masu raguna, bayansu 'yan kallo. Wannan na zagi da Julanci, wancan da Faransanci, wata mata tana ihu a kira komisariya, wato ofishin 'yan sanda. Raguna biyu suka kama karo a kan bencin yara, wasu suka fara cin ganyen huhun goron Alhaji. Yarana kuwa sai waƙar murna suke yi, don da murna misalin tunkiyar ya ƙare.

Baba Bulus ya miƙe yana cewa da Faransanci, "Se pa posibil! Ba zai yiwu ba! Malama Saratu, wannan makaranta ce ko kara?" Bai ankara ba bunsurun Ishaku ya kama masa taye yana tauna.

Ni dai na tsaya ina lissafi. Ragon mutane ya tafi, rumfa za ta tafi, aji ya tafi, ƙila ni ma in kwana a komisariya. Na rufe ido na ce, "Ubangiji, na ce ka cika, amma ban ce da raguna ba."

Ina buɗe ido sai ga Alhaji Illa a bakin ƙofa, Kumandan a bayansa, da ɓurɓushin burodi a baki. Ashe lokacin karin kumallonsa ne ya yi, ya tsinke igiya ya bi hanyar da ya sani. Alhaji ya dubi rumfarsa, ya dubi tayen Baba Bulus, ya yi dariya har sai da ya zauna a ƙasa. Da ya farfaɗo ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit, don babu wanda bai taɓa cin goronsa ba a unguwar. Ya ba su haƙuri da Julanci, ya kwance huhu ya raba goro, kowa ya ja dabbarsa yana ƙunƙuni.

Da wuri ya lafa, Baba Bulus ya kira Laraba, fuska a murtuke. "Ke, wa ya ce ki kwance ragon mutane?"

Ta ce, "Baba, Malama ta ce makiyayi ba ya dawowa hannu rabbana. Kuma na gan shi a ɗaure shi kaɗai, yana kuka."

Alhaji ya juya wurin Baba Bulus. Ya ce masa, da kiran girmamawa na Faransanci, "Mushe, ni ban san karatunku ba. Amma ɗiyan da za su bazu cikin gari saboda ragon wani, wanda ko addininsu ba ɗaya ba, ai karatun ya shiga. Rumfata dai tana nan. In kun rufe, ku kuka rufe."

Hukuncin majalisa ya fito bayan sati guda. Aji zai ci gaba, amma daga ranar an haramta shigo da duk wani abu mai ƙafa huɗu. Alhaji ya aiko mana da cinyar Kumandan ranar Sallah, Laraba ta yi kuka, sannan ta ci. Lahadin da ta biyo ina cikin shara na hango Baba Bulus, da sabon taye, riƙe da jikokinsa a hannu biyu. Ya ƙetaro da su gadar da kansa. Ya ce, "Ki ƙara da waɗannan." Sai da na juya baya na share hawaye.

Abin da aikin nan ya koya mini, yaro ba ya jin magana rabi. Abin da ka faɗa masa shi zai tashi ya yi, don haka ka faɗi abin da za ka iya tsayawa a kai. Allah kuma ba ya mance addu'a, ko ta daɗe. Naka dai ka ƙetare gada ka share rumfa kowace Lahadi, shi zai cika ta. Sai dai in za ku roƙa, 'ya'yana, ku faɗa masa da me.