Jan Zaren da Ɗan Yayana Ya Ƙwace

A shekarun da tsada ta shaƙe mu, maganin ƙwarin hatsi na kanti ya fi ƙarfin kowa a ƙauyenmu. Mutum zai sha wahalar noma wake, ya zuba a buhu, kafin bazara ƙwari sun huje shi ya koma gari. Ni kuwa mijina ya rasu, waken nan shi ne abincin 'ya'yana. Sai na shiga gwaji da toka, barkono, ganyen darbejiya, da wata saiwa da ko yanzu ba zan faɗi sunanta ba, don na koyi kama bakina, ko da yake a makare. Na yi asarar wake ba kaɗan ba kafin na dace da awon da ya yi.

Na fara ƙullawa a leda ina ɗaurewa da jan zare. Ranar kasuwar Tsanyawa, kafin azahar farantina ya ƙare. Har daga Makoda ake ba direbobin bas sautu, a ce a sayo mai jan zare.

Sai ga ɗan yayana ya dawo daga birni, da zaƙin baki da takalmi mai tsini wanda bai taɓa taka kunya a gona ba. Ya durƙusa a tsakar gida, Gwaggo kaza, Gwaggo kaza, wai yana son sanin haɗin don ya taimaki manoma. Na ce a'a. Ya miƙe ya nufi zauren Baba.

Gidanmu gidan malamai ne. Mahaifina ya karantar da rabin garin, bai taɓa hana kowa harafi ba, kuma a wurinsa duk abin da Allah ya sanar da mutum hukuncinsa ɗaya da karatu. Ya aika aka kira ni, ya ce, "Ke, a gidan nan kika koyi rowar sani? Maza faɗa masa." Ban iya musu da Baba ba. Na faɗa, har da awon, har da yadda ake shanya saiwar a inuwa. Munafukin yana ta gyaɗa kai kamar mai sauraron wa'azi.

Da kaka ta zagayo, kayansa suka cika kasuwa, leda mai sheƙi, an buga hoton jan zare a jiki. Ya tako har gaban farantina, babu ko kunyar ido, ya ce, "Gwaggo, alamar nan fa na yi mata rajista. A doka tawa ce. Ki canja launi kar a samu matsala." Abin da na faɗa masa ranar, sai da masu tumatir suka riƙe ni. Ban janye ko kalma ɗaya ba har yau, kuma ban yafe ba.

Maƙwabciyata, malamar firamare, ita ta zaunar da ni daga baya. Ta ce sirrin sana'a doka tana kare shi ne muddin mai shi ya riƙe abinsa, in kuwa zai faɗa wa wani, to sai da yarjejeniya da shaidu. Alama kuma, wanda ya riga zuwa ofis shi ake fara saurare. Ana iya ƙalubalantarsa, amma sai da lauya da zirga-zirgar birni, ni da kuɗin mota ma ke gagara. Baba ya ce in yi haƙuri, ladana yana wurin Allah. Ban musa ba, amma na daina zama hira a zaurensa.

Na koma ɗaurewa da baƙin zare. Wata ranar kasuwa, wata baƙuwa ta tsaya, ta ɗauki ƙullina ta jujjuya, ta shinshina, ta ajiye.

Ta ce, "Iya, ku ji tsoron Allah, ku daina kwaikwayon kayan mutane. Ina ake sayar da na asalin?"