Kebul na Ashirin da Uku

A shekarun da na yi aiki a wani ofishin lafiya a Bagudo, ni ce mai kula da kwamfutoci. Duk rahoton rigakafin da ke shigowa daga Zagga da Kurgu da ƙauyukan bakin iyaka ta cikin wani akwatin ƙarfe yake bi, wanda muke kira suwic. Shi ya haɗa kwamfutocin ofis da juna da kuma waje. Ya tsufa, yakan ɗauke sau biyu a wuni.

Wanda ya kafa shi ban taɓa ganinsa ba, kujerarsa na gada. Ɗan masunta ne, kuma kwalekwale ya kife da shi a kogin Kwara shekara uku kafin zuwana. Ba a ga gawarsa ba. Amma kowane kebul da ke jikin akwatin yana ɗauke da 'yar takarda da rubutun hannunsa, ƙanana, a karkace.

Da aka kawo sabon suwic, shugaban ofis ya ce awa ɗaya kawai zai ba ni. Na zaɓi lokacin sallar Juma'a, don tun da aka ƙaddamar da shari'a ba namijin da ke zama ofis a wannan sa'a. Na yi kwana uku ina shirya sabon a gefe. Hajiya mai kula da fayil, dattijuwar da ta yi aiki da marigayin, ta ce za ta zauna ta riƙe mini tocila.

Da na kashe tsohon, ƙarar fankarsa ta tsaya. Ban san na saba da ita haka ba sai da ɗakin ya yi tsit. Na shiga cire kebul ɗaya bayan ɗaya, ina karanta takardun marigayin: ɗakin magani, ofishin shugaba, ɗakin awo. A na ashirin da uku ba sunan ɗaki. Abin da ya rubuta kawai shi ne, kar a cire.

Na tambayi Hajiya ina kebul ɗin ya nufa. Ta ce ba ta sani ba. Na soka shi a sabon akwatin, ina zaton mataccen layi ne. 'Yar fitilarsa ta kawo kore, ta fara ƙyaftawa. Akwai wani abu a ɗaya bakin, kuma yana amsawa.

Cikin minti arba'in komai ya dawo, kafin maza su shigo da dardumansu. Amma hankalina bai kwanta ba. Na hau tebur, na ɗaga silin, na bi kebul ɗin da tocila har ya sauka a wani sito da ke bayan gini. Hajiya ta daɗe tana juya makullan hannunta.

"Nan yaka zama in yana son shiru," in ji ta. "Tun da yat tafi ban buɗe ba, ɗiyata."

A bayan kwalayen tsofaffin fom muka same ta: ƙaramar kwamfuta, yanar gizo-gizo ta rufe ta, tana aiki. Ya ja mata wuta daga batirin firjin rigakafi, ya saita ta tana kwafe bayanan ofis kullum don kar su ɓata. Fiye da shekara uku tana yi, ba wanda ya sani. Kofin shayinsa na gefe, da silifas ɗinsa a ƙarƙashin kujera. Hajiya ta yi masa addu'a a hankali, muka ja ƙofa.

Na gaya wa shugaba, ya ce a bar ta yadda take. Daminar da ta biyo baya tsawa ta ƙone ta. Na ɗauko ta da kaina na kai shara, sannan na zauna a bayan sito ina kuka, har Hajiya ta fito nemana.