Takalmin da Barau Ya Matse

Duk wanda ya san Barau baduku a kasuwar Maigatari ya san ba ya kallon fuskar mutum sai ya gama kallon ƙafarsa. Rumfarsa na dab da kara, inda ake cinikin shanu da raƙuma, kuma tun yana saurayi yake yanka tsohuwar taya yana yi wa makiyaya takalmi. Ma'aikatan Gumel ma kan kawo masa sau-ciki ya rage musu, don ya yi suna wajen sa takalmi ya kama ƙafa cif. Mutum ne marar zama. Ko shayi a tsaye yake sha, har matarsa Safara'u kan ce ranar da aka ga Barau zaune ba basilla a hannu, to a nemo masa mai magani.

Ɗansu Abdurra'uf soja ne, an tura shi can cikin yashi wajen Tafkin Chadi. Da bazara ya zo hutu, kuma tun daga bakin zaure uban ya ga abin da ya ɓata masa rai: baƙin takalmi mai nauyin tsiya, ƙasan ya ɗaye ya wangale baki, an ɗaure shi da waya. Abdurra'uf ya ce haka na kowa yake. An yi takalman ne don daji mai laima, su kuwa yashin tsakar rana narkar da gam yake yi, rairayi ya shiga ya yi ta cin tafin ƙafa. Ya ce a can wanda ƙafarsa ta gaza, shi ne a baya, kuma baya ba wurin zama ba ne.

Barau bai ko bari yaron ya gama cin tuwo ba ya ɗauke takalmin. Ya farke shi kaf, ya yanko masa ƙasa daga tayar babbar mota, ya shimfiɗa fatar akuya mai laushi a ciki, ya ɗinke da hannu, ba gam ko ɗigo. Nan ne ya lura takalmin ya yi wa ɗansa yawa, har yatsa na shiga ta dunduniya. Ya yi ta sababi shi kaɗai, wai wane irin marar tausayi ne zai ba ɗan mutane takalmin da ƙafa ke iyo a ciki. Ya rage shi, ya matse shi yadda yake wa ma'aikata. Da safe Abdurra'uf ya gwada, ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya ga yadda uban ke murmushi. Ya ce Allah ya saka da alheri, ya kama hanya.

Ran wata Alhamis, kasuwa na ci, Ɗantsoho mai koro shanu daga Damagaram ya zauna a rumfar yana jiran a gyara masa maɗaurin takalmi. Cikin hira Barau ya ba shi labarin aikin da ya yi, yana ta fankama. Ɗantsoho ya miƙo ƙafarsa ya ce ya duba. Ta kumbura suntum, maɗaurin ya nutse cikin nama. Ya ce duk mai yini cikin yashi haka tasa take kafin la'asar, shi ya sa su ba sa son rufaffen takalmi, in kuwa dole ne, sai mai yalwa.

Barau ya ajiye basilla. Duk rayuwarsa rufaffen takalmi na masu zaman ofis ya gyara, na masu tafiya kuwa buɗaɗɗe ne, ƙafa ta kumbura yadda ta ga dama. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

Daga ranar bai sake samun sukuni ba. Ya kira lambar Abdurra'uf, a kashe, don inda suke babu sabis. Ya sayi takalmin gwanjo mai faɗi a hannun 'yan Nijar, ya rungume shi zuwa tashar Gumel, direbobi suka ce iyakarsu Maiduguri. Aka ce akwai wani soja ɗan Sule Tankarkar da ya zo gida, ya hau acaɓa ya je, ya tarar ya koma. Safara'u ta ce ya zauna ya yi addu'a kamar kowa. Yana yi, amma a tsaye, waya a hannu, aikin mutane na taruwa a rumfa.

Wani hantsi yana cikin ba wani Bafillace haƙuri wayar ta yi ƙara. Muryar Abdurra'uf ce, can nesa, tana yankewa. Barau bai bari ya gama gaisuwa ba ya tambaye shi ƙafa. Yaron ya ce ɗinkin bai motsa ba, abokansa har sha'awarsa suke yi. Sai dai yatsun sun sale, safa na mannewa da jini, jiya ma da ƙyar ya cim ma sauran.

“Baba, ana ta ce mini in tsaga gefensa da wuƙa,” in ji shi. “Na ce aikin hannunka ne, sai na nemi izininka.”

“Tsaga shi!” Barau ya daka tsawa har 'yan kara suka waiwayo. “Tsaga shi yanzu, Abdurra'uf, ka ji ni?”

Ba amsa. Ya duba wayar, ashe ta riga ta katse, kuma bai san a wace kalma ta katse ba. Ya sake kira, aka ce lambar ba ta shiga. Ya fita tsakiyar rana, ya ɗaga wayar sama, ya sake kira.